Ɗaya da Ɗaya a Lissafin Sallau

Sallau yayan kakana ne. Na riske shi tsoho, dogo, siriri, da wani tari da ba ya sakinsa rani da damina, kuma in ban da gaisuwa sai ka wuni kusa da shi bai ce maka uffan ba. Shi ya riƙe mahaifina tun yana goye, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi masa aure. Duk da haka kakata Baiwa, matar ƙanensa, ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. In za ta aika masa da tuwo sai ta ce a kai wa mutumin can. Tsofaffin Matameye sun sha gaya mini cewa a samartakarsa babu bakin da ya kai nasa kaifi a kasuwa, ni kuwa ina jin su ne kawai. Sai da mahaifina ya zaunar da ni ya ba ni labarin daga tushe sannan na yarda.

Ubansu Manu baran mai unguwa Ummaru ne, yana yi masa noma, yana kula masa da doki. 'Ya'yansa maza biyu ne suka rayu, Sallau da ƙanensa Ɗan'azumi, wato kakana. Da Nasara suka aiko cewa kowane mai riƙe da jama'a ya ba da ɗansa a kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, Ummaru ya yi abin da masu unguwa da yawa suka yi a lokacin: ya dubi nasa 'ya'yan, sannan ya dubi na baransa. Ba wanda ya san abin da ake yi wa yara a can. Wasu na cewa raba su ake da salla, wasu na cewa in sun tasa soja za a sa su. Manu shi ma ya yi nasa zaɓen. Ɗan'azumi tun yana ƙarami kafaɗunsa sun nuna na fartanya ne, Sallau kuwa in iska ta taso sai an riƙe shi. Aka aske masa kai aka ɗora shi bayan jakin fatake, uwarsu Iya tana kuka kamar gawarsa ake fitarwa.

A can Damagaram sai wurin ya karɓe shi. Faransanci bai taɓa zama a bakinsa da kyau ba, amma lissafi kamar da shi aka haife shi. Malaminsu, wanda suke kira Mushe, baƙin mutum ne daga ƙasashen bakin teku, mai son yaro mai kai. Da ya ga 'yan ajin sun ƙoshi da tarawa da ɗebewa sai ya fara ɗanɗana musu lissafin da ake yi da haruffa a maimakon lambobi. Ana gab da sakin su hutun damina ya cika baƙin allo da layuka, ya gangaro da su a hankali, kowane layi yana fitowa daga na samansa, har na ƙarshe ya ce ɗaya da ɗaya ɗaya ne. Yara suka fashe da dariya. Mushe ya ce su yi dariyarsu, amma su sani akwai ƙarya a kwance cikin layi guda, su je gida su nemo ta, wanda ya kasa zai nuna masa in an dawo.

Sallau bai koma ba. Daminar nan Manu ya rasu, shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi har kaka ta wuce, kafin ya miƙe an ba wani yaro gurbinsa. Haka ya zauna a Matameye, ba takardar shaida, ba ƙarfin noma, ga boko rabi a ka. Malaman allo suna yi masa kallon ɗan Nasara, Nasara kuwa ba su ma san da zamansa ba. Abu ɗaya ya rage masa da babu mai irinsa a garin, shi ne layukan Mushe, waɗanda ya haddace tsaf. To, da su ya kafa sana'a, in sana'a ce.

Ranar kasuwa sai ya samu inuwa kusa da masu goro, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi a tsakiya. Ya ce wannan mangalar jaki ce, hagu da dama nauyinsu ɗaya, kuma duk abin da aka yi wa gefe guda aka yi wa ɗayan, ba za ta karkace ba. Kowa ya yarda, wa bai taɓa ɗaura wa jaki kaya ba? Sai ya zana wani harafin Nasara a hagu, kamar an gicciya kara biyu, ya ce sunan wannan Wane, kuma Wane ɗin nan ɗaya ne, ya rubuta ɗaya a dama. Ya ninka gefen biyu da Wane, hagu ta zama Wane sau Wane, dama ta zama Wane. Ya ɗebe ɗaya daga kowane gefe. Daga nan sai ya kwance kayan hagu ya mai da su ƙunshi biyu yadda Mushe ya koya musu, Wane-da-ɗaya sau Wane-ban-da-ɗaya, a dama kuwa Wane-ban-da-ɗaya ne sau ɗaya. A nan yake ɗaga kai ya dubi mutane, ya ce su duba da kyau, ƙunshin nan na Wane-ban-da-ɗaya yana wannan gefe, yana wancan, don haka a sauke shi daga duka biyun. Ya sa yatsa ya shafe. Abin da ya rage a hagu Wane da ɗaya, a dama ɗaya. Wane kuwa tun farko an yarda ɗaya ne.

Sai wuri ya kaure. Wani ya ajiye masa goro biyu a gabansa ya ce to ga su nan, ya mai da su ɗaya a gani. Sallau ya ce idonsa ne ya ce biyu, ilimi ya ce ɗaya, in kuma ƙarya ya yi a taka layin da ya yi ta. Ba mai iya takawa. Fataken Dungu da na Ɗan Barto har tambaya suke ina yaron nan mai lissafin Nasara, a ba shi fura, a ba shi goro, ya koma gida yana taƙama kamar ya nome gona. Abin da har yau yake ba ni haushi da shi, bai taɓa gaya wa kowa cewa Mushe da bakinsa ya ce akwai ƙarya a ciki ba. Wannan ɓangaren ya bar shi a Damagaram. Shi kansa ya ɗan neme ta a farkon dawowarsa, da ya ga ba ta da saurin fitowa, kuma rashinta ne ke kawo fura, sai ya ƙyale ta.

Ɗan'azumi ya daɗe yana noma wa gidan gaba ɗaya. Bayan dukansu sun yi aure sai wata rana ya sari kara, ya kafa danga a tsakiyar gidan ubansu, ya huda tasa ƙofar ta gabas. Ba faɗa suka yi ba. Cewa ya yi kawai in Yaya ya ga rumbunsa daban wataƙila zai tuna inda gonarsa take. Iya ta zauna ɓangaren Ɗan'azumi, Sallau da matarsa A'i suka zauna nasu. Amma kullum da hantsi Ɗan'azumi sai ya leƙo ta saman danga ya gaishe shi, in ya gama nasa huɗar kuma ya tsallaka ya yi rabin ta yayansa yana mita. Yana alfahari da shi ma a ɓoye, in baƙi suka yi maganar mai lissafi shi ke fara cewa yayana ne.

Shekarar da abin ya faru fara ta cinye amfanin gona, kafin bazara gidaje da yawa sun koma cin ganye. A cikin wannan hali saƙo ya zo cewa ana son mutane a aikin tilas, wata hanyar mota da ake yankawa can arewa inda ruwa ke da wuya. Wanda aka ɗauka a wannan lokaci ya yi asarar shuka, kuma kowa ya san ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba. Irin wannan kira ba sabon abu ba ne. A shekarun baya Ummaru manyan gidaje yake bi, masu samari uku huɗu, ya tsallake gidan da namiji ɗaya ke riƙe da shi, har mutane suka ɗauka doka ce. Don haka Sallau ya je ƙofar mai unguwa ranar kiran sunaye da zuciya sake, don kallo kawai. Sai ya ji an kira Ɗan'azumi.

Ya kutsa gaba ya durƙusa, ya tuna wa Ummaru cewa ƙanensa shi kaɗai ne namiji a gidansa, ga tsohuwa, ga mace da ɗanyen goyo. Ummaru ya tsufa a lokacin, amma bakinsa bai tsufa da zolaya ba. Ya dube shi yana murmushi.

"Ai lissafinka na bi, ɗan Manu. Gidanka ɗaya, gidan ƙanenka ɗaya. Ɗaya da ɗaya nawa ne?"

Waɗanda ba a kira nasu ba suka yi dariya. Sallau ya ce wannan ai wasan kasuwa ne. Ummaru ya ce shekara da shekaru yana cewa a taka masa layin da ya yi ƙarya, to yau shi ya taka, in ya taka sai a sake magana. Sallau ya ce in gida ɗaya ne to a ɗauke shi shi, a bar ƙanensa. Ummaru ya ce ba shi ke zaɓe ba, gardin kumandan, wato ɗan sandan Baturen da ke mulkin yankin, shi ne zai zo ranar kasuwa ya kwashi mutane, kuma gardi damtse yake dubawa. Ya juya ya kira suna na gaba.

Labari ya riga shi isa gida. Baiwa ta tsaya a bakin danga da goyonta ta wanke shi tas, ta ce ga inda surutun kasuwa ya kai su, shi ya sha furar, mijinta zai biya. Iya ta shige ɗaki. Ɗan'azumi ne ya tsawata wa matarsa, sannan ya tsallako ya zauna kusa da yayansa. A lokacin ne Sallau ya fara gaya wa wani mahaluki gaskiya, cewa lallai akwai ƙarya a cikin layukan, Mushe ya faɗa, sai dai shi bai san inda take ba. Ɗan'azumi ya ce ba komai, wanda ya iya ɗaurewa zai iya kwancewa, shi ya san kan yayansa. Wannan yarda ta fi zagin Baiwa yi masa ciwo.

Kwanakin da suka biyo baya Sallau a tsugune ya yi su a tsakar gida. Ya share ƙasa ya rubuta, ya shafe ya sake rubutawa. Ya ɗebo 'ya'yan tsamiya ya gwada kowane layi da su. Wane sau Wane, ɗaya sau ɗaya, ɗaya ne, ba ƙarya. Ɗebewar ba ƙarya. Ya fi zargin inda ake kwance kayan hagu a yi ƙunshi biyu, don nan ne bai taɓa fahimta sosai ba, ya gwada shi da biyu, da uku, da bakwai, kullum yana fitowa daidai kamar da gangan. In ya zo kan sauke ƙunshin nan daga gefen biyu kuwa sai ya wuce ba ya ko tsayawa, don a ganinsa babu layin da ya kai shi adalci. Ya je wurin Malam Rabi'u mai rabon gado, wanda duk garin aka yarda da hisabinsa. Malam ya leƙa zanen ya ce shi bai san haruffan Nasara ba, kuma tunda yake rabo bai taɓa ganin magaji biyu sun zama ɗaya ba, ya yi masa addu'a ya sallame shi. Ya yi niyyar taka ƙasa har Damagaram, wani falke ya ce kada ya wahalar da ƙirjinsa, Mushen nan an daɗe da mai da shi ƙasarsu. A'i ta riƙa ajiye masa abin da ya samu a gefe, ƙudaje su riga shi. Tsoro ya shige shi sosai, har ya fara tunanin ko Mushe zolayarsu ya yi, babu wata ƙarya, ɗaya da ɗaya ɗaya ne ɗin.

Ranar kasuwa da safe Iya da Baiwa suka shiga neman abin da za a yi wa Ɗan'azumi guzuri. Rumbunsa biyu ne, Baiwa ta shiga na farko da tsintsiya, ta shiga na biyu, ta fito da abin da bai cika tafin hannu ba. Iya ta zagayo ta ƙofar Sallau ta leƙa nasa rumbun guda, ko ƙwaya babu. Ta tsaya tana karkaɗe zane, ta ce da kanta, ba da shi ba, bana dai mai rumbu biyu da mai rumbu ɗaya duk ɗaya suke.

Sallau yana tsugune a kan zanensa ya ji ta. Ya dubi ƙunshin da ya saba shafewa. Wane ban da ɗaya. Wane ɗaya ne, ɗaya ban da ɗaya kuwa babu. Ashe duk shekarun nan ƙunshin da yake saukewa daga mangala wofi ne. Layin da ke gabansa cewa yake biyu sau babu daidai yake da ɗaya sau babu, kuma gaskiya ya faɗa, kamar yadda hatsin rumbu biyu na ƙanensa ya zo daidai da na rumbunsa guda. Amma wannan bai mai da rumbu biyu rumbu ɗaya ba. Da akwai ko dami guda a kowane rumbu, da bambancin ya fito fili. Babu ce ta daidaita su, shi kuma sai ya shafe babun ya ce abin da ya rage ma daidai ne. Ƙaryar tana nan a layin da ya fi amincewa da shi, inda yake ɗaga kai ya ce mutane su duba da kyau.

Ya tsallake danga bai bi ta ƙofa ba. Ɗan'azumi yana zaune yana gyaran takalmin da zai yi tafiya da shi. Sallau ya riƙe masa kafaɗa yana haki.

"Na same ta. Ba inda za ka."

Ya zana masa a ƙasa, yana magana yana tari. Ɗan'azumi bai gane ko rabi ba, amma ya ga fuskar yayansa, ya yi dariya ya ce dama ya faɗa. Ya ce wa Baiwa ta kwance ƙunshin guzurin ta dama wa Iya kunu da ɗan garin, shi zai je ya amsa kira ne kawai ya dawo. Ya ajiye takalmin a nan ya fita da ƙafa.

Sallau ya sami Ummaru shi kaɗai a zauren ciki, gardi yana can waje yana cin kazar da aka yanka masa. Ya durƙusa ya share ƙasa, ya bi layukan, ya kawo maganar rumbuna. Tsohon ya gane tun kafin ya ƙarasa. Sai dai bai yi murmushi ba. Ya leƙa ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Ka ɗauka ban san ɗaya da ɗaya biyu ba ne? Bana ba cewa aka yi in kawo mutum kaza ba. Cewa aka yi kowace ƙofa mutum ɗaya, babban gida ko ƙarami. Duk mai zaman kansa a unguwar nan na cusa shi ƙarƙashin gidan kawunsa ko baffansa, inda dama za a ɗauki wani. Ku ba ku da kowa sai junanku. In gida ɗaya ne, ɗaya zai tafi. In ka fita ka ce biyu ne, ku biyun za a ɗaure, a bar mata uku da jariri a kan rumbunan da ka gama gaya mini."

Sallau ya tambaye shi don me bai gaya musu tun farko ba. Ummaru ya ce in magana ta fita a garin nan, wanda aka ɗaukar wa ɗa shi zai fara kai ta kunnen gardi, daga nan duk waɗanda ya ɓoye sun tonu. Ya ce kuma, Allah ya sani, bai zaci zai samo ƙaryar ba. Sannan ya ƙara masa da abin da ya fi muni. Gardin ya zaga unguwa da sassafe, ya ga ƙofa biyu a gidan Manu, ya tambaya, shi kuma ya ce masa akwai ɗan lakwal a gidan da zai nuna masa da rubutun Nasara cewa ɗaya ne. Sallau ya roƙi a bar shi ya yi wa ƙanensa magana ko kalma biyu ce. Ummaru ya ce an riga an zaunar da su a rana a gaban gardi, ba mai matsawa kusa. Mahaifina ya ce Sallau ya gaya masa a ranar ne ya fara ganin Ummaru ƙaramin tsoho ne kawai, wanda shi ma ba shi da yadda zai yi.

Suka fito. Mutanen da aka kira suna zaune a jere, an zura igiya a tsakaninsu, 'yan uwansu sun yi cincirindo daga nesa. Ɗan'azumi ya hango yayansa ya gyara zama, har ya zunguri na kusa da shi. Gardin, wani ƙato mai jar hula da bulala a hammata, ya goge bakinsa ya dubi Sallau sama da ƙasa. Bai iya karatu ba, amma ya san kamannin haruffan da ke kan takardun kumandan, kuma ya ci kaza. Abin da yake nema kawai shi ne abin da zai faɗa in an tambaye shi.

"Kai ne ka yi lakwal? Ƙofa biyu na gani. Gida nawa ne?"

Sallau ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu. Ya ja layin tsakiya, ya zana Wane. Bai yi maganar jaki ba, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Ya ninka, ya ɗebe, ya kwance. Da ya zo kan ƙunshin sai yatsansa ya tsaya a sama. Yanzu ya san abin da ke ciki, ya san shi sarai fiye da duk abin da ya taɓa sani a rayuwarsa, kuma babu wani amfani da sanin zai yi masa. Ya shafe. Ya ce ɗaya ne.

Gardin ya leƙa zanen ya gyaɗa kai kamar ya karanta. Daga cikin jeren Ɗan'azumi ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Yaya, ba haka ka ce mini da safe ba."

Da me Sallau zai amsa, gardi yana tsaye a kansa yana jin Hausa? Abin da ya iya kawai ya kama ƙafar gardin ya ce tunda gida ɗaya ne a kwance wancan a ɗaure shi. Gardin ya matsa damtsensa da yatsa biyu, tari ya sarƙe shi a daidai lokacin, aka ture shi gefe. Aka tashe su. Baiwa da ta ji labari ta sheƙo da takalmin a hannu, amma kafin ta iso sun fita gari. Sallau ya bi su a baya kan hanyar Kance, yana tafe yana kiran sunan ƙanensa, ba abin da zai iya ƙarawa a kan sunan. Ɗan'azumi bai waiwayo ba. Da gardin ya gaji sai ya juyo da bulala, Sallau ya tsaya a tsakiyar hanya har suka ɓace masa.

Bayan ƙura ta lafa Ummaru ya yarje wa Sallau ya gaya wa Iya da Baiwa dalilin abin da ya yi. Iya ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Baiwa ta saurare shi har ƙarshe tana jijjiga ɗanta, ta gane kome, ba ta musa ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ce ta ji an bar musu namiji ɗaya, amma wa ya gaya masa shi suke so a bar musu? Ban ga laifinta ba, ko da yake maganar ta yi nauyi.

Ruwa ya sauka. Sallau ya ɗauki fartanyar ƙanensa, wadda ta fi ƙarfinsa, ya shuka gonakin biyu. Tafinsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. Maƙwabta da suka saba yi masa dariya suka riƙa kawo masa gayya ba tare da ya roƙa ba. Kasuwa kuwa sai dai ya bi ta gefenta. Abin da ya riƙe shi a tsaye duk daminar nan shi ne ranar da Ɗan'azumi zai dawo ya zaunar da shi ya yi masa bayani. A'i ta ce a bakin kunyar gona ma sai ta ji shi yana shirya maganar shi kaɗai, yana canza mata farko, wani lokaci ya fara da Ummaru, wani lokaci ya fara da neman gafara. Duk wanda ya ji za shi arewa sai ya tare shi da saƙo, amma saƙon bai wuce gaisuwa, don maganar ba ta aike ba ce, kuma ba wanda ya san takamaiman inda suke.

Bayan an gama girbi mutanen suka fara dawowa, a rame, ƙafafu a faffashe. Idrisa, wanda aka ɗaura a igiya ɗaya da Ɗan'azumi, shi ya yi sallama a ƙofar gabas. Ya ce ciwon ciki ne, daga ruwan wata rijiya, tun tsakiyar damina, kuma sun yi masa sutura yadda ya samu. Da kuka ya ɗan lafa sai ya ce mamacin ya yi kwanaki yana cikin hankalinsa, ya ba shi saƙonni ya ce kada ya manta ko ɗaya. A gaya wa Iya ta yafe masa nonon da ya sha. A gaya wa Baiwa kada ta yaye yaron da wuri saboda yunwa. Akwai gatarin maƙwabci da ya ara yana bayan rumbu, a mayar masa. Ya ma tuna da akuyarsa mai ciki, ya ce in ta haihu a bar wa yaron 'yar.

Sallau yana tsaye a bakin danga yana jira. Idrisa ya shafa addu'a ya miƙe zai tafi. Sallau ya bi shi har waje, ya tambaye shi a hankali ko akwai wanda aka ba shi na yayan mamacin. Idrisa mutum ne mai tsoron Allah, ba ya ƙara wa mamaci magana. Ya sunkuyar da kai ya ce shi da kansa ya tambaye shi, har sau biyu, ko yana da abin da za a gaya wa Sallau.

"Me ya ce?"

"Ya juya fuskarsa ne kawai."